Darasi: Dokar Turai a kan sare daji da abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, duk mai bin hanyar Kaciya zuwa Sabon Tasha ya san buhunan gawayi da ake jerawa a bakin titi. Yawancinsa ana ƙona shi ne a tukwanen garin Kaduna. Amma an yi shekaru ana loda gawayin Najeriya a jiragen ruwa daga Legas zuwa Turai, inda ake gasa nama da shi. Wato itacen dajinmu ya daɗe da shiga kasuwar duniya.

A shekara ta 2015 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Paris ta ƙasar Faransa, cewa kowace za ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Najeriya na ciki. A 2023 kuma Tarayyar Turai, mai ƙasashe 27, ta kafa dokar da ta haɗa ciniki da kare daji. Dokar ta ambaci kaya guda 7: shanu, koko, kofi, manja, roba, waken soya da katako. Gawayi yana ƙarƙashin katako. Citta ba ta ciki.

Ga yadda dokar take. Kamfanin da zai shigar da kayan nan Turai dole ya nuna ainihin filin da aka noma su, da lambobin taswira irin waɗanda waya ke ɗauka. Idan an sare dajin wurin bayan 31 ga Disamba 2020, kayan ba za su shiga ba. Da hotunan tauraron ɗan adam ake duba yadda wurin yake a da. An ɗaga ranar fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, saboda ƙasashe da 'yan kasuwa sun ce ba su shirya ba, amma ba a soke ta ba.

Mu masu noman waken soya, nan ne maganar ta zo ƙofarmu. A kasuwa, dillali yakan juye waken manoma da yawa cikin buhu ɗaya. Wa zai iya faɗin gonar da kowane mudu ya fito? Babban kamfani yana da ma'aikata da kwamfuta. Manomi mai kadada ɗaya ba shi da ko takardar gona, gado ne daga kakanni. Haɗarin shi ne mai saye ya guje wa ƙaramin manomi, ba don ya sare daji ba, sai don ba shi da shaida.

A ganinmu dokar tana da kyau, amma rabin aiki ce. Ba ta taɓa gawayin da ake ƙonawa a gida ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa kuma suka koma ga gawayi da itace. Wanda ya sare kaɗanya ko ɗorawa ya san darajar man kaɗe da daddawa. Kuɗin makaranta ne ya matsa masa. Ƙasar da ta ce a bar itace ya kamata ta sa hannu wajen samar da murhu mai cin itace kaɗan, da horar da manoma kan auna gonaki.

Abin da ke hannunmu kuwa, ƙungiya ce. Manoma 30 da suka haɗu za su iya sa matashi ɗaya mai waya ya zagaya gonakinsu, ya rubuta sunan mai gona, girmanta, da shekarar da aka fara nomanta, dattawa da mai unguwa su shaida. A ajiye littafin wurin sakataren ƙungiya.

A taronku na wannan wata, ku tattauna: gonaki nawa ne a ƙauyenku aka share daga daji bayan 2020? Zumuntar Mata kuma su lissafta buhun gawayi nawa gida ɗaya ke ƙonawa a wata, da kuɗinsa.