Yanke Wagon A Mayar Da Ita A-Kori-Kura: Darasi Daga Ƙashin Dabbobi

Gabatarwa

Garin Kankiya yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Katsina, Kusada kuwa tana maƙwabtaka da shi ta wajen gabas. Sai dai mafi yawan gero da dawa da wake da gyaɗar da ake nomawa a waɗannan ƙananan hukumomi biyu daga ƙauyuka suke fitowa, nesa da kwalta. Kafin buhu ya isa kasuwar Kankiya ko ta Caranci, sai ya ratsa hanyar da rairayi ke kama taya da rani, taɓo kuma ya riƙe ta da damina. Motar da ke jure wa irin wannan hanya ita ce mai ja da ƙafa huɗu, wato wadda injinta ke juya tayoyin gaba da na baya a lokaci guda.

Sabuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu ta fi ƙarfin aljihun talaka. Tsohuwar wagon kuwa, wadda wata ma'aikata ta yi gwanjonta ko aka shigo da ita ta Kwatano, takan samu da sauƙi. Saboda haka ne wasu ke kai ta gareji a yanke rufin baya, a bar kujerar gaba da ɗan fili a bayanta na ajiye jaka ko zaman yaron mota, sauran jikin kuma ya zama buɗaɗɗen bodi na ɗaukar kaya. Wannan ita ce a-kori-kura mai tsawaitaccen kai. Kamfanin Dodge na Amurka ya fito da irinta a 1973. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wace mota ce ke karɓar wannan aiki, wace ce ba ta karɓa, da kuma dalilin haka a kimiyyance.

Ƙashin ciki da ƙashin waje

Masana ilimin halittu sun kasa dabbobi masu ƙashi gida biyu. Saniya da raƙumi da ɗan Adam ƙashinsu a ciki yake, nama da fata suna rataye a kansa. Idan mahauci ya feɗe sa, ƙasusuwan suna nan a haɗe yadda suke. Fara da buzuzu da ƙaguwa kuwa ƙashinsu a waje yake, wato ɓawon da ya rufe su shi ne fatarsu, shi ne kuma abin da ke ɗauke da su. Wanda ya fasa ɓawon fara ya karya ta gaba ɗaya.

Haka motoci suke. Akwai masu casis, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da gajeru a tsakaninsu kamar tsani. A kansu inji da giya da sifirin suke, bodi kuma ɗora shi aka yi aka ɗaure da noti. Tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Toyota Land Cruiser da Nissan Patrol da Isuzu Trooper duk wannan gini ne da su. Akwai kuma waɗanda ba su da casis na dabam. Farantan ƙarfen da suka yi daɓe da rufi da ginshiƙan ƙofofi, waɗanda aka manne da walda, su ne ƙashin motar. Lada Niva ta 1977 da Toyota RAV4 ta 1994 suna ja da ƙafa huɗu, amma gininsu irin na fara ne.

Sunan mota kaɗai bai isa shaida ba. Alal misali, Mitsubishi Pajero ta farko da ta biyu suna da casis, amma wadda ta fito a 1999 an haɗe ƙashinta da jikinta. Ya zama wajibi ke nan mai saye ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Idan ya ga ƙarafa biyu sun miƙe daga bamba ta gaba zuwa ta baya, da robobi tsakaninsu da bodi, to motar mai ƙashin ciki ce.

Su kansu kamfanoni ba su yi wasa da wannan bambanci ba. Wagon ɗin Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa irinta a 1975, jikinta ne ƙashinta. Da kamfanin Peugeot ya tashi yin a-kori-kura daga 504 a 1979, sai da ya gina wa bayanta ƙarafa masu ƙarfi, ya kuma sauya murɗaɗɗen sifirin da mai ganye. Haka kamfanin Jeep ya yi lokacin da ya fitar da Comanche daga jikin Cherokee a tsakiyar shekarun 1980. Abin da injiniyoyi suka ga dole sai an sake masa gini, bai kamata a ɗauka giranda da walda za su gama shi a wuni biyu ba.

Aikin da rufi yake yi

Mai karatu na iya yin wani ɗan gwaji a gida. Ya samo kwalin sabulu ko na sukari wanda bakinsa ke rufe, ya kama gefe biyu ya yi ƙoƙarin murɗa shi. Zai ji yana turjiya. Ya yanke saman kwalin ya sake murɗawa, zai ga ya lanƙwashe ba wuya. Haka gwangwanin madara yake: muddin murfinsa na nan yana da wuyar matsewa, da an cire murfin sai yatsu biyu su lotsa shi. Ƙa'idar ita ce rufaffen bututu ya fi tsagagge jure wa murɗiya nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa ƙashin cinya da gora da gashin fiffiken tsuntsu suke da rami a ciki amma bangonsu a zagaye yake ba tsaga.

Duk lokacin da tayar gaba ta dama ta hau tudu, ta baya ta dama kuma ta faɗa rami, jikin mota murɗawa yake yi. A hanyar ƙauye hakan na faruwa ba adadi a tafiya guda. Rufin wagon da ginshiƙansa su ne murfin kwalin. Idan aka yanke su daga mota marar casis, alamun farko su ne ƙofofi su ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya same shi ba, daga bisani daɓen ya dare a daidai bayan kujera. Mota mai casis tana da abin da zai riƙe ta, amma ita ma kan da aka yanke yana bukatar sabon bango a bayansa, da baka na bututun ƙarfe mai kauri wanda zai tashi daga daɓe ya zagaya ƙarƙashin rufi ya sauka ɗaya gefen. Wannan baka shi ne zai hana rufi danne mutane idan motar ta kife. Har ila yau, ginshiƙin da ke bayan ƙofar gaba, inda bel ɗin kujera yake ɗaure, ba a taɓa shi.

Wani abin lura shi ne a-kori-kurar da kamfani ya ƙera bisa casis takan zo da rata tsakanin kai da bodi. Da gangan aka bar ta, domin casis ya ɗan murɗa ba tare da ya yaga komai ba, kamar yadda gaɓoɓin ƙashin baya ke ba dabba damar lanƙwasawa. Mai waldan da ya manne kai da bodi wuri ɗaya ya kashe wannan gaɓa, kuma a nan tsaga za ta fara.

Inda kaya ke zama

An tsara wagon ne domin mutane su zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan aka bar tsawaitaccen kai, bodin kaya yakan koma baya, har yawancinsa ya wuce tayoyin baya. A nan lissafin sikeli yake shigowa.

A ɗauki Land Cruiser samfurin 80, wadda ta fito a 1990. Tazarar da ke tsakanin aksul ɗinta na gaba da na baya mita 2.85 ce. A ƙaddara an ɗora mata buhu 6 na masara, kowane kilo 100, wato kilo 600. Idan tsakiyar kayan ya zauna daidai bisa aksul na baya, shi zai ɗauki kilo 600 ɗin. Idan kuwa tsakiyar ya koma baya da santimita 60, sai aksul ɗin ya zama kamar dutsen da ake ɗora sanda a kai a ɗaga kaya. A ninka 600 da 0.6, a raba da 2.85, za a sami kimanin 126. Ma'ana, tayoyin gaba sun rasa kilo 126 na nauyin da ke danne su a ƙasa, na baya kuma suna ɗauke da kilo 726. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Direban da ya ji sitiyari ya yi sakayau bayan lodi, to gaban motarsa ne ya ɗaga. Maganin da masu wannan aiki a Ostareliya suke yi shi ne su ƙara tsawon casis, su matsar da aksul baya, a ƙarƙashin kulawar injiniya. Wanda ba shi da halin haka, sai ya gajarta bodi, ya riƙa jera kaya masu nauyi a jikin kai.

Tsawon lodi ma abin dubawa ne. Kunkuru yana da wuyar kifarwa saboda cibiyar nauyinsa tana kusa da ƙasa, ƙafafunsa kuma a ware. Mota mai ja da ƙafa huɗu tun asali doguwa ce. Idan aka kafa mata ƙarafa a gefe, aka jera buhuna har suka wuce rufi, mutane kuma suka hau bisa, cibiyar nauyi ta yi sama, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kifar da ita.

Yanke rufi ba ya ƙara wa aksul ko birki ko taya ƙarfi. Iyakar nauyin da kamfani ya yarda da shi yana rubuce a wani ɗan faranti, galibi a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji. Taya ma tana da lambarta: 100 na nufin kilo 800, 112 kuma kilo 1,120. Ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa biyu idan nauyi ya ninku biyu, amma idan gudu ya tashi daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, sau huɗu yake ninkuwa.

Ƙashi yana warkewa, ƙarfe ba ya warkewa

A 1892 wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi da masu shimfiɗa sabo, saboda haka ƙananan tsagogi sukan toshe da kansu. Ƙarfe ba shi da wannan baiwa. Wani Bajamushen, August Wöhler, wanda ya yi nazarin karyewar aksul na jiragen ƙasa a shekarun 1850 da 1860, ya nuna cewa ƙarfen da ake lanƙwasawa a kai a kai yakan gaji ya karye da nauyin da bai kai wanda zai karya shi a karo ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya ga wannan da idonsa.

Tsaga takan fara ne daga kusurwa mai kaifi, ko rami, ko bakin walda. Don haka ba a huda leɓen sama ko na ƙasa na casis, inda ja da matsi suka fi yawa. Idan tilas a haɗa casis, a yanka shi a karkace, a kuma lulluɓe mahaɗar da wani faranti. Kowace walda a goge ta a shafa mata fenti, domin tsatsa daga nan take kamawa da zarar damina ta faɗi.

Lafiyar mai aiki da ta fasinja

Kafin a kunna wuta, a cire tankin mai a kai shi nesa, a kuma kwance batir. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur yana kamawa idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska. Hasken waldar lantarki yana ƙona fatar ƙwayar ido, zafin kuma ba ya bayyana sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Tabarau na rana ba ya tare wannan haske.

Haɗarin da ya fi ɓuya shi ne na hayaƙi. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Idan mota na gudu, iskar da ke bayan kai takan yi juyi ta jawo hayaƙi. Salansar da aka gajarta ta ƙare a ƙarƙashin bodi, tare da sabon bangon da ba a toshe kafofinsa ba, za su shigar da shi inda yaron mota yake zaune. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗi su ne alamunsa, direba kuma yakan ɗauka gajiya ce. A kai bakin salansa har ƙarshen mota, a toshe kowace kafa da roba.

Kammalawa

Wagon mai casis tana karɓar wannan aiki idan an gina baka, an bar rata tsakanin kai da bodi, an kuma kiyaye iyakar nauyi. Wadda jikinta ne ƙashinta, gara a cire kujerun baya a bar mata rufinta. Lambar casis kada a yanke ta ko a rufe ta da walda. Bayan an gama, ya kamata a kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci su gwada ta, a kuma gyara takardunta su dace da sabuwar siffarta, domin jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna bisa hanyar Kano zuwa Katsina. Gwaji na ƙarshe mai mota ne zai yi da kansa: bayan makon farko na lodi, ya wanke ƙarƙashin motar, ya bi kowace walda da tocila, ya nemi siririn layin tsatsa, wanda shi ne alamar farko ta tsaga.