Darasi A Kan Ciwon Sukari Da Cin 'Ya'yan Itatuwa

Ya ku hakimai da malaman hakimai na ƙasar Yawuri, wannan darasi an shirya shi ne domin ku karanta wa dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar wa talakawa. Gama tun daga Shanga har Ngaski, da garuruwan da ke bakin tafkin Kainji, da bazara ta kama sai mangwaro ya cika kasuwa, ya yi araha. A lokacin nan ne masu ciwon sukari sukan rabu biyu. Wani ya ce an hana shi kowane ɗan itace, sai ya ƙaurace musu ɗungum. Wani kuma ya ce abin da Allah ya tsiro ba ya cuta, sai ya zauna gaban kwando ya sha goma. To, dukansu biyu sun kauce hanya.

Ciwon sukari shi ne jiki ya kasa sarrafa sukarin da ke cikin jini, har ya taru ya yi yawa. Idan aka daɗe a haka, yakan lalata ido da ƙoda, ya kuma sa miki a ƙafa ya ƙi warkewa. 'Ya'yan itatuwa kuwa akwai sukari a cikinsu, amma yana tare da tsoka da zare-zare, waɗanda ke sa ya shiga jini sannu a hankali. Saboda haka likitoci ba su hana su ba, awo suka ce a yi.

Ga kimanin sukarin da ke cikin giram 100 na kowanne, watau abin da zai cika tafin hannu ɗaya, an auna da cokalin shayi:

Kankana, cokali 1 da rabi.
Gwanda, cokali 2.
Lemo da gwaiba, cokali 2 da ɗan ɗoriya.
Ayaba, cokali 3.
Mangwaro, cokali 3 da rabi.
Busasshen dabino, ya wuce cokali 15.

Kun ga ke nan babban mangwaro guda yakan kai cokali 7. Wanda ya sha huɗu a zama ɗaya ya kusa cokali 30.

Ga abin da ya kamata ku koya wa jama'a. Na farko, mai ciwon ya tsaya a tafin hannu ɗaya, sau biyu a yini, ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar. Na biyu, ya ci ɗan itacen da tsokarsa, kada a matse ruwansa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ruwan 'ya'yan itace da zuma cikin sukarin da ya kamata a rage, amma ba ta sa ɗan itacen da aka ci da tsokarsa ba. Rake ma ruwansa ake sha, sai a nisance shi. Na uku, ranar da ya ci mangwaro ya rage tuwon shinkafa, ya ƙara kifi da ganye, abubuwan da Allah ya wadata ƙasar nan da su. Na huɗu, in likita ya yardar masa yin azumi, dabino ɗaya ko biyu sun isa buɗa-baki.

Sai dai ku lura da abu guda. Mai shan magani ko mai yin allura, in ya kama makyarkyata da gumi da jiri, watakila sukarinsa ne ya faɗi. Nan a gaggauta ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya, kana a kai shi asibiti.

Daga ƙarshe, duk wanda kuka ji yana yawan ƙishirwa da yawan fitsari, yana ramewa ba dalili, lalle ku tura shi asibitin Yelwa ko wanda ya fi kusa, a auna jininsa. Hakimi kuma ya fara da gidansa, gama talaka abin da ya gani a zauren sarki shi yake bi.