Yadda Za Ka Yi Da Cima-Zaune A Aikin Gayya

Famfon burtsatsen unguwa ya lalace, an yanka wa kowane gida kuɗin gyara. Wasu sun biya, wasu sun yi kunnen uwar shegu, kuma ran da ruwa ya dawo jarkokinsu ne a gaban layi. Abin tsoron, ƙanena, shi ne baɗi masu biyan ma za su janye hannu, don ba mai son a mayar da shi saniyar tatsa.

Masana sun gwada wannan. A 2002 Ernst Fehr da Simon Gächter suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai 240 a Zurich. Mutum hurhuɗu ke zubi a asusu ɗaya, a raba ribar daidai. Da babu hukunci, zubi ya yi ta raguwa. Da aka ba su damar cin tarar mai noƙewa, ko da za su yi asara daga aljihunsu, sai zubi ya hau. To, ga matakan da za ka bi a unguwarku:

1. Gobe da safe ka sayi littafi. Rubuta kowane gida da abin da ke kansa.

2. Kai ka fara biya, a gaban mutane.

3. Karanta sunayen waɗanda suka biya a taro, ko ka tura a zauren WhatsApp. Kada ka zagi kowa. Wanda bai ji sunansa ba ya san abin yi.

4. Ku yanke tara tare. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta bibiyi al'ummomin da suka daɗe suna kula da makiyaya da ruwan noma tare. Ta ga su suke kafa dokarsu da kansu, kuma hukuncinsu daga ƙarami yake farawa. Don haka karon farko tuni a asirce, na biyu 'yar tara, na uku a kai magana gaban mai unguwa.

5. Bambance marar hali da mai ƙi. Wannan ya fi damuna. Uwar marayu ba cima-zaune ba ce. A yafe mata, ko ɗanta ya riƙa share bakin famfo.

Kira taron kafin Juma'a, ka zo da rasitin mai gyara a hannunka.