Aikin Ɗalibin Ilmi Mai Zurfi A Ɗakin Ɗaukar Hoton Ƙwaƙwalwa

Jama'a da yawa sun san hoton asibiti mai nuna karayar ƙashi, amma kaɗan ne suka san ana iya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutum yana raye, ba tare da an tsaga kansa ba. Na'urar da aka fi amfani da ita wajen bincike ana kiranta MRI. Masana biyu, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, su ne suka aza harsashinta tun daga 1973, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2003. A irin ɗakin da a ke ajiye wannan na'ura ne ɗalibin da ya gama digiri na farko ke shafe shekaru uku ko huɗu, ko fiye, yana neman digirin dakta.

Abin da a ke fara koya masa ba ilmin ƙwaƙwalwa ba ne, tsoron maganaɗisu ne. Na'urar wani ƙaton maganaɗisu ce, wadda ƙarfinta a ɗakunan bincike ya kan kai tesla 3, watau kamar ninki 60,000 na maganaɗisun duniyar nan. Ba a kashe shi dare da rana. Almakashi ko mabuɗi ko tulun iskar oksijin, in an shiga da su, sai su tashi sama su nufi bakin na'urar da gudu. Saboda haka kafin kowa ya shiga sai ɗalibi ya yi masa tambayoyi filla-filla: ko an taɓa sa masa ƙarfe a jiki, ko yana da na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido wajen walda. Haka kuma ba a sa mutum cikin bincike sai an bayyana masa kome ya yarda, kwamitin kula da haƙƙin waɗanda a ke bincike a kansu kuma ya amince. Wanda ya yarda yana da ikon janyewa duk sa'ad da ya ga dama.

Mutum ya kan kwanta cikin na'urar rabin sa'a zuwa sa'a guda, an toshe masa kunnuwa, gama ƙararta ta fi ta injin niƙa. Ana nuna masa hotuna ko kalmomi, yana danna maɓalli. Babban abin da ke ɓata aiki shi ne motsin kai, ko da na milimita ɗaya ko biyu ne.

To, me na'urar ke gani? A nan ya kamata mai karatu ya lura ƙwarai. Ba ta ganin tunani, ba ta kuma karanta abin da ke zuciyar mutum. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi. Duk sashen da ya kama aiki sai jini mai ɗauke da oksijin ya ƙaru a wurin. A 1990 wani masani ɗan Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar tana iya bambanta jini mai oksijin da wanda ya rasa shi. Sawun jini ke nan a ke bi, shi ma ba ya kai ƙololuwa sai bayan daƙiƙa 5 ko 6.

Yawancin lokacin ɗalibi kuwa a gaban kwamfuta ya ke ƙarewa, yana lissafi. Ana raba hoton ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan gidaje kamar na dara, dubbai barkatai, a gwada kowane gida shi kaɗai. In gidajen sun kai 100,000, aka kuma yarda da kuskure ɗaya cikin dubu, to, gidaje kamar 100 za su nuna alamar aiki alhali babu kome. Wani mai bincike a Amurka, Craig Bennett, da abokan aikinsa sun nuna haka a 2009 ta hanya mai ban dariya: suka sa mataccen kifi cikin na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, sai lissafin da ba a tace ba ya nuna wai ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. Don haka a ganinmu ɗalibin da ya raina lissafi bai dace da wannan fage ba, kome yawan abin da ya haddace na sunayen sassan ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai ce, ina ruwan talaka da wannan? Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yana kashe yara a ƙasashenmu, an kuma daɗe ba a tabbatar da abin da ke kai su ga mutuwa ba. A asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a ƙasar Malawi, masu bincike sun ɗauki hoton yara 168 masu wannan ciwo. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna kashi 84 cikin 100 na yaran da suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai, alhali cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne kawai. Kumburin ne ke danne sashen da ke sarrafa numfashi, har numfashin ya tsaya. Daga nan aka juya ga neman hanyar rage kumburin, da taimaka wa yaro da numfashi har ya saɓe.

Irin wannan aiki ba likitoci kaɗai ya ke bukata ba. Ana ɗaukar waɗanda suka karanta lissafi, da kimiyyar fiziks, da injiniya, da ilmin halayyar ɗan adam, da ilmin kwamfuta. Na'urar tana da tsada, tana bukatar lantarki marar yankewa da ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri. Amma manyan cibiyoyin bincike sun saki hotunan dubban mutane a intanet, an cire sunayensu, har ɗalibin da ke jami'ar da ba ta da na'urar zai iya fara koyon tace su da kwamfutarsa, tun kafin ya sami gurbin karatu a inda a ke da ita.