Yadda Ake Gwada Batirin Ƙaramin Jirgin Sama da Yi Masa Caji

Jirgin karan dawa da yara suke ƙerawa a unguwarmu ta Ƙofar Dundaye ba ya tashi sai an jefa shi. Amma akwai wani ƙaramin jirgi mai farfela wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot, kuma ransa duka yana cikin batirinsa. In batir ya ƙare jirgi yana sama, sai dai a je tsintar tarkace.

Da can an fi amfani da batirin nikel da kadmiyam, wanda Waldemar Jungner, mutumin Suwidin, ya ƙirƙiro a 1899. Yanzu kuwa na litiyam ya karɓe fage, watau dangin wanda ke cikin wayar hannu, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Ba shi da nauyi, ga riƙe wuta, amma fa ba ya son wulaƙanci.

Batirin jirgi ƙwayoyi ne aka haɗa wuri guda. Kowace ƙwaya in ta cika tana nuna bolt 4.2 a mita, kuma ba a so ta sauka ƙasa da bolt 3. To, a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sai su auna jimla kawai, su ce lafiya lau. A ce batir mai ƙwaya uku ya nuna 11.4. Yana yiwuwa kowace ƙwaya 3.8 ce, wannan daidai ne. Yana kuma yiwuwa biyu suna 4.2, ta ukun tana 3. Jimla ɗaya ce, amma wannan ta ukun ita za ta kā da jirgin. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake aunawa. Bayan haka a jona masa ƙwan fitilar mota a sāke aunawa, gama batirin da ya gaji yakan nuna ƙarfi yana zaune, da an aza masa kaya sai ya durƙushe.

Wajen caji, a duba lambar da ke jikinsa. In an rubuta 2200 mAh, a ba shi amfiya 2.2, zai cika cikin kamar awa guda. Kuma a nemi caja mai daidaita ƙwayoyi, kada a soka masa kowace aka samu.

Mu Sakkwatawa muna da ƙarin aiki, domin a watan Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana tsufar da batir. Kada a yi masa caji a rana, ko da saukowar jirgi yana da ɗumi. A aje shi bisa daɓen siminti, nesa da katifa da tabarma, da bokitin yashi kusa, kuma kada a bar shi a tafi barci. Wanda ya kumbura kamar fanke ya gama aiki, kada a huda shi, yana iya kamawa da wuta. In za a aje batir har ƙarshen hutu, a bar kowace ƙwaya a wajen bolt 3.8, cikin inuwa.