Munduwar Alhazai Da Hukuncin Ɗaura Ta Cikin Harami

 

Darasin wannan mako a kan wata 'yar na'ura ce da ake ɗaura wa alhaji a wuyan hannu kamar agogo, wadda ke faɗin ko shi wane ne da inda yake, wani jinsinta ma har da halin da jikinsa ke ciki. Mafarinta kuwa masifa ce. Ran 24 ga Satumba 2015, ranar Babbar Salla, aka yi turmutsitsi a Mina kan hanyar zuwa jifa. Hukumar Sa'udiyya ta ce mutum 769 suka rasu, amma da aka tattara lissafin da ƙasashe suka bayar na mutanensu sai adadin ya haura 2,000. Cikinsu akwai 'yan Nijeriya da yawa, har da Farfesa Tijjani El-Miskin da Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya jiƙansu. Wasu iyalan sun yi makonni ba su san ko nasu yana asibiti ko yana cikin mamata ba, gama mai harami ba shi da aljihun da zai sa takardar shaida.

A shekarar 2016 sai Sa'udiyya ta ba da sanarwar fito da munduwa mai ɗauke da sunan alhaji da ƙasarsa da bayanin lafiyarsa. A Hajjin 2021, wanda annobar korona ta sa aka taƙaita shi ga mutum 60,000 mazauna ƙasar, an jarraba wata wadda ta fi ta, mai auna bugun zuciya da yawan iskar numfashi a cikin jini. Yadda irin wannan ke aiki shi ne, takan haska wani ɗan haske cikin fata, jini ya shanye wani sashe nasa, abin da ya komo kuwa shi take ƙirgawa. Wurin da mutum yake kuma daga taurarin ɗan Adam ake gane shi, in ta sami saƙon guda 4 ko fiye.  Tushen shaidar shi ne zanen yatsu da hoton fuska da ake ɗauka wajen neman biza, don ko tagwaye masu kama ɗaya ba su haɗa zanen yatsa ba. Mai karatu ya duba aya ta 4 cikin Suratul Ƙiyama, inda aka ambaci kan yatsu wajen nuna ikon Allah na tayar da matattu.

To, ya halatta namiji ya ɗaura ta alhali yana cikin harami? Mutane da dama sun ɗauka abin da aka hana shi ne mai ɗinki kaɗai. A mazhabar Imam Malik maganar ta fi haka faɗi. Abin da Mukhtasar na Shehu Halil ya tafi a kai shi ne, an hana namiji duk abin da ya kewaye wata gaɓa tasa, ko da ba ɗinki, har ya kawo misali da zobe. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya su ba su ga laifin zobe ba, saboda haka munduwa ba ta zame musu matsala ba. Mace kuwa haraminta a fuska da tafin hannu yake, tana iya sa kayan adonta.

Amma fa Malikiyya ɗin nan su ne suka yarje wa mai harami ya ɗaura ɗamarar kuɗin guzurinsa a kan fatar jikinsa, saboda bukata. In an yi rangwame don tsare guzuri, tsare mai guzurin ya fi cancanta. Dubi hukuncin mafƙudi, watau wanda ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba. Matarsa za ta kai ƙara wurin alƙali, in bincike ya gaza ta jira shekara 4, sa'an nan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsararsa ba su cika wucewa ba, wanda a zance mafi shahara shekara 70 ne daga haihuwarsa. Mata a rataye, marayu ga gado ba halin taɓawa, mai bin bashi yana jira: duk wannan 'yar lamba a hannu tana iya kawar da shi cikin yini guda. An ga misali a Hajjin 2024, sa'ad da zafi ya haura digiri 51 a Makka. Hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji, kuma rashin shaida a jikin da yawansu ya jinkirta gane su.

Don haka wanda hukumar alhazai ta ba shi munduwa ya ɗaura ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ƙofar fidiya a buɗe take: ya yanka akuya ko tunkiya, ko ya ciyar da miskinai 6 kowanne mudun Annabi 2, ko ya yi azumin kwana 3.

Su kuma masu riƙe da bayanan, amana ce a hannunsu. Ciwon mutum da sawunsa sirrinsa ne, aya ta 12 cikin Suratul Hujurat kuwa ta hana bin diddigin asirin mutane. An karɓa don ceto da gane mutum, kada a juya shi ga wani abu dabam. Alhaji shi ma kada ya ara wa wani munduwarsa ko katin Nusuk, wanda aka wajabta riƙe shi tun 2024, don ya shige da shi Arfa. Ban da kasancewarsa yaudara, in ajali ya riski wanda aka ara wa, gidan mai sunan za a fara kai wa labarin rasuwa, iyalin mamacin na gaskiya kuwa su yi ta jira.