Zama a Gidan Misirawa: Kada Kunya Ta Cuce Ki

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce, ina shekarar farko a ɓangaren mata na Jami'ar Azhar da ke Alƙahira. Babana bai yarda in kama haya da ɗalibai ba, sai aka sama mini ɗaki wurin wata dattijuwa Bamisiriya da 'ya'yanta mata biyu a unguwar Madinat Nasr. Ba su taɓa zagina ba, amma a takure nake. Larabcinsu ba na ganewa, alhali na yi Islamiyya har na sauke. Kullum sai an cika mini faranti, in ban cinye ba a ɓata rai. In zan fita sai an tambaye ni ina za ni, yaushe zan dawo. Yanzu kuma wanke-wanke ya zama nawa ni kaɗai, ga shi an ce kuɗin wata zai ƙaru. Ina jin nauyin yin magana. In tashi ne ko in daure?

AMSA: Kada ki tashi tukuna, kada kuma ki ci gaba da wannan dauriya ta yin shiru. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne har yau ba a fayyace matsayinki a gidan ba. Ke kina ɗaukar kanki baƙuwa, kina ta kara. Hajiyar gidan tana yi miki kallon 'ya a wajen abinci da fita, kallon 'yar haya a wajen kuɗi. Baƙunta kwana uku ce a shari'a, ke kuwa shekaru za ki yi, kuma Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Maganar harshe ba laifinki ba ne, ba kuma laifin malamanki na gida ba. Larabcin da kika karanta shi ne fusha, na littafi da huɗuba da labaran talabijin. Mutanen Alƙahira kuwa ammiyya suke yi a gida da kasuwa: jimun ya koma "ga", ƙafun ya ɓace ya zama hamza, kalmomi da yawa ma ba ki taɓa cin karo da su a littafi ba. Malaman jami'a da dama sukan zame su koma ammiyya a tsakiyar darasi, don haka ba ki da makawa sai kin koye ta. Ɗaliban da ke zaune su ya su sukan daɗe ba su samu abin da ke falonku kyauta ba. Ki riƙa zama da Hajiya da daddare lokacin da take kallon wasan kwaikwayo, ki tambayi 'yan matan abin da ya shige miki duhu, ki rubuta. In sun yi dariya da kika yi musu fusha, yawanci mamaki ne, ki taya su dariyar. Amma in kika shige ɗaki kika rufe ƙofa wuni guda, abin da mu muke kira kamun kai, su fushi za su ɗauke shi.

Abinci nan ne al'adunmu suka fi karo. A wurinmu baƙo mai kunya yakan ci kaɗan, ya rage, a yaba masa. A wurinsu uwar gida ba ta jin ta fita kunyar baƙo sai ta matsa masa ya ƙara, kuma ragowa a faranti tana iya nufin girkin bai yi daɗi ba. Dabarar ita ce ki zuba da kanki, ki fara da kaɗan, ki karɓi ƙari sau ɗaya, sannan ki yi hamdala ki sa wa hannun mai girki albarka. Ki kuma lura da lokaci: babban abincinsu shi ne na rana, kuma sai wajen la'asar ake cinsa, bayan kowa ya dawo, na dare kuwa mara nauyi ne, can cikin dare. Wasu abubuwan ma kin san su. Mulukiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce sai dai da tumatir suke dafa ta, karkade kuwa zobo ne. Ki ajiye yajinki a gefe, domin girkinsu ba ya son barkono kamar namu. Ki roƙi a ba ki rana ɗaya ki yi musu dafa-duka. (Daddawa dai ki yi musu bayani kafin ki buɗe ta, kada a yi zaton wani abu ya lalace a kicin.)

Tambayar ina za ki, ni ban ga aibunta ba, ita ce ma dalilin da ya sa babanki ya zaɓi gidan. A benayen Alƙahira akwai bawwab, mai gadin ƙofa da ya san shigar kowa da fitarsa, ga maƙwabta masu sa ido, kuma abin da aka faɗa a kanki a kan 'ya'yan Hajiya zai faɗa. Ki rubuta mata jadawalin darussanki ki manna, ki kira ta in za ki makara. Wanda ya riga faɗa ba a tambayarsa.

Sai batun wanke-wanke da kuɗi, wanda ya wuce al'ada ya shiga haƙƙi. Taya aikin gida tarbiyya ce, kuma duk 'yar da aka haifa a gidan Hausa za ta ji kunyar zama ana aiki. Amma ke kina biyan kuɗi, karatu kuma ya kai ki. In 'yan matan gidan suna zaune ke kina wanke kwanukan kowa kullum, abin ya karkace. Zan gaya miki abin da ba kowa ke faɗa ba: a Masar akwai mata baƙar fata da yawa da ke aikatau, kuma akwai mutanen da idonsu ya saba ganin mai irin launinmu a wannan matsayi, ko da ba su yi niyyar raini ba. In kika yi shiru, sabo zai mayar da shi doka. Ki ce a raba kwanaki tsakaninku ku uku, ki zaɓi naki daidai da darussanki.

Ƙarin kuɗi kuwa kada ki yi saurin cewa haɗama ce. A watan Maris na 2024 darajar fam ɗin Masar ta faɗi, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, kayan masarufi suka bi ta. Mai yiwuwa Hajiya gaskiya take faɗa. Abin da ba daidai ba shi ne a ce babu komai a rubuce. A zauna a rubuta nawa ne kuɗin, da wane kuɗi za a biya, fam ko dala, abinci sau nawa ya ƙunsa, wa ke biyan wuta da intanet, musamman da zafi in ana kunna na'urar sanyaya ɗaki, sannan sai bayan wata nawa za a sake duba farashi. Duk biyan da kika yi a rubuta a sa hannu. Takardar za ta iya yi miki amfani wajen sabunta iƙama a ofishin fasfo na Abbasiyya, inda ake son sanin adireshinki.

Kada ki tayar da maganar a tsaye ko cikin fushi. Ki bari an sha shayi, ki fara da godiya, ki kira ta Hagga ko Tant yadda 'yan ƙasar ke yi. Ya fi kyau wanda ya haɗa ku ya kasance a wurin, babanki kuma ya kira ta da kansa, domin ta san akwai masu bibiyar lamarinki. Ki riƙe ranar 21 ga Maris, ita ce ranar uwa a Masar, turmin atamfa ko turaren wuta a ranar zai gyara abubuwa da yawa. Hirar siyasar ƙasarsu kuma ki kauce mata, a gida da waje.

Akwai abubuwan da ba a yin haƙuri da su. Fasfonki ya zauna a hannunki, kada ki ba kowa ajiya. In aka hana ki zuwa darasi saboda aiki, ko wani namiji cikin danginsu ya fara shigo miki ɗaki ko yi miki maganar banza, ko aka fara goranta miki launin fata a cikin gida, to ki sanar da babanki a ranar, ki nemi shugabannin ɗaliban Najeriya, in ta kama ki je ofishin jakadancinmu da ke Zamalek, sannan ki nemi gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Azhar. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙarki ba. Ki yi wannan zama da Hajiya cikin makon nan, ki ba abin wata biyu. In an gyara, ki zauna ki kwashi harshe. In an ƙi rubuta komai, ki yi sallama cikin mutunci ki tashi.